Kofi Ɗaya na Ruwa

Abin da ke cikin fayil ɗin ofishin makarantar gajere ne, kuma an buga shi da tsabta. Ya ce ma'aikaciyar ɗakin gwaje-gwajen kimiyya, mai shekara goma sha tara a bakin aiki, ta samu rauni a idanunta biyu wata ranar Alhamis bayan an tashi, yayin da take haɗa ruwan soda ita kaɗai. Cewa ba ta sa tabarau ɗin kariya ba, alhali yana rataye a ƙusa taku uku daga inda take tsaye. Cewa ta ɓoye lamarin har kwana huɗu. Kuma kwamitin bincike, bayan zama ɗaya, ya same ta da sakaci, ya ba da shawarar a sallame ta. Akwai sa hannunta a ƙasa, ya karkace ya hau layin kwanan wata. Ranar daidai ce. Sodar daidai ce, haka ma idanun. Wurin kawai aka sauya, sai kuma mai laifin.

Ɗalibai Anti Ɗigo suke kiranta, domin ba ta da wata magana a ɗakin gwajin da ta wuce, "Ɗigo-ɗigo, 'yan nan, ba wanka kuka zo yi ba." Aikinta shi ne haɗa ruwan da aka san ƙarfinsa daidai, wanda da shi ake auna ƙarfin wani ruwan. Takan auna garin sinadari a sikeli mai ƙofar gilashi, tana riƙe numfashi kada ya kaɗa ƙwaya ɗaya. Sai ta narkar da shi, ta juye a tulun gilashi mai dogon wuya, wanda aka zana wa siririn zobe guda a wuyan. Idan ruwa ya kusa zoben, sai ta durƙusa har idonta ya yi daidai da shi, ta ƙarasa da ɗigo har saman ruwan ya zauna a kan zanen. Ba sama da shi ba, ba ƙasa ba.

Soda ce kaɗai ba ta yarda da nauyinta a sikeli, domin tana shan raɓa daga iska, sai ta yi nauyin da ba nata ba. Dole a gwada ta. Takan zuba asid da ta san ƙarfinsa a kwalba, ta ɗiga masa ruwan alama mai canza launi sau biyu, ta cika buret, wato dogon bututun gilashi mai ɗan famfo a ƙasa, da ruwan sodar. Hannun hagu a famfo, na dama yana juya kwalba, ido yana jiran abu ɗaya: wani launin ruwan hoda mai haske ƙwarai, kamar na ƙarƙashin farce, wanda zai bayyana ya ƙi ɓacewa. A nan ake tsayawa. Ɗigo ɗaya a kai ya ɓata aikin. Shekara goma sha tara ta yi tana cin abinci da ganin wannan launin kafin kowa ya gan shi.

A bangon ɗakin akwai kwali da ta rubuta da hannunta: idan soda ta taɓa ido, ruwa mai gudu na minti ashirin, sannan asibiti.

Mijinta mai yanka tikiti ne a tashar mota, mutum mai son a san ya san abu. Wata rana yana cin abinci ta yi kuskuren bayyana masa cewa asid da soda idan sun haɗu kashe juna suke yi, su bar gishiri da ruwa, kuma ko lemun tsami ma asid ne. Ya riƙe wannan da kyau. Ya kai shi tasha, ya kai shi wurin aski, har ya zama idan gardama ta tashi a kan kimiyya shi ake kira ya raba. Maganar kwalin bango ita ma ta taɓa faɗa masa, amma a lokacin yana neman takalminsa.

Gidan gado suke zaune da 'ya'yansu biyu, tare da mahaifiyarsa da kowa ke kira Inna, da wansa Yaya Babba, da matar Yaya Babba. Tun da aka rage ma'aikata a kamfanin da yake aiki, Yaya Babba ya koma yin sabulu a tsohon ɗakin ajiya da ke ƙuryar tsakar gida, ɗakin da ba shi da taga, kuma wannan ne ya sa aka zaɓe shi, tunda sana'ar ba ta da takardar izini. Sabulu kuwa ba ya yiwuwa sai da soda. Da aka zauna rabon aiki, ba a ma yi dogon tunani ba.

"Ga masaniya a gida, sai mu ɗauko bare?" in ji Inna. "Ilimin da ba ya amfanar gidan miji, na me ne?"

Don haka kullum idan ta dawo daga makaranta da la'asar, sai ta tuɓe kayan aiki ta shiga ɗakin ajiya ta narkar da soda a babban bokiti. Ta sayo tabarau ɗin kariya nata na kanta. Ya yi mako biyu a ɗakin, sannan Yaya Babba ya gano cewa yana tare iska sosai idan mutum na kan babur.

"Yaya, tabarau ɗina nake nema," ta ce masa.

"Aro na yi, ƙanwata. Ke da kika ƙware, me soda za ta yi miki? Ai ta san ki."

Aka yi dariya a tsakar gida. Ta tambaya sau biyu bayan wannan, a na uku mijinta ya ja ta gefe ya ce tana sa shi jin kunya a gaban wansa a kan roba. Na makaranta kuwa kayan makaranta ne, ba ta taɓa fita da ko tsinken ashana daga ɗakin gwajin ba.

Ranar Alhamis ɗin, Yaya Babba yana sauri, domin ya yi wa wani mai shago alkawarin kaya ranar Asabar. Famfon gidan ya ɗauke tun safe. Ruwan da ya rage shi ne duro ɗaya cike, wanda ya auna da bokiti ya rufe da faranti, ya ce na sabulu ne, kada wanda ya taɓa. Ita kuwa tana sunkuye tana barbaɗa sodar kaɗan-kaɗan tana juyawa da muciya, kamar yadda ake yi, domin soda idan ta shiga ruwa zafi take yi.

"Wannan sanyin jikin naki zai kai mu gobe," ya ce. "Nan ba makaranta ba ce."

"Yaya, idan aka zuba da yawa tafasa take yi."

Bai ji ƙarshen maganar ba. Ya ɗaga buhun ta bayanta ya zazzage rabin da ya rage a tashi ɗaya. Bokitin ya yi gurnani, ya tofo. Idon dama ne ya karɓi mafi yawa, na hagu ya samu abin da ya fantsama.

"Ruwa! Ku kawo ruwa!"

Ta fito tana lalube, ta nufi inda ta san duron yake. Yaya Babba ya riga ta, ya dafa farantin da hannu biyu.

"Tsaya, tsaya, hannunki duk soda ne, za ki ɓata shi. Ke, ɗebo mata a kofi!"

Matarsa ta ɗebo kofi ɗaya ta watsa mata a fuska. Anti Ɗigo ta miƙa hannu tana neman na biyu, sai ga mijinta ya shigo daga tasha. Ya tambayi abin da ya faru, aka faɗa masa, fuskarsa ta yi irin hasken mutumin da ranar amfaninsa ta zo.

"Ku dakata da ruwan nan. Soda ce, ko? Asid ke kashe ta. Inna, akwai lemun tsami?"

"A'a!" ta ce. "Ruwa kawai! Don Allah ruwa kawai, kada ku tsaya!"

"Zafi ne ya gigita ta," ya ce wa sauran. "Ita da bakinta ta koya mini. Ku riƙe ta."

Matar Yaya Babba ta riƙe hannuwanta, mijin Anti Ɗigo ya buɗe fatar idon da yatsa, Inna ta matse lemun tsami uku, biyu a dama, ɗaya a hagu. Ihun da ta yi ya sa maƙwabciya ta leƙo ta kan katanga, Inna ta ce mata barkono ne. Da ta samu ta ƙwace, ta rarrafa wajen duron, amma Yaya Babba ya riga ya juye shi cikin kaskon sabulu, domin sodar da ta narke ba ta jiran kowa.

Ta ce a kai ta asibiti. Aka dubi juna irin kallon mutanen da suka riga suka yi shawara ba tare da sun yi magana ba.

"Asibiti tambaya suke yi," in ji Yaya Babba. "A ina, da me, wa ya ba ku izini. Gobe ki ga an zo an liƙa mana takarda a ƙofa."

"An riga an kashe sodar ai," in ji mijinta. "Yanzu gishiri da ruwa ne kawai a ciki. Shi ne kike jin raɗaɗi."

Ranar Juma'a ba ta iya buɗe ido ba. Mijinta ya aika wa makaranta cewa zazzaɓi ne. Inna ta ɗaure mata fuska da tsumma mai ɗumi, ta ce ja alamar warkewa ce. Ranar Asabar jan ya tafi daga idon dama, ya koma fari fat kamar dafaffen ƙwai, raɗaɗin kuma ya ragu. Gidan ya yi murna. Ita kaɗai ta san ma'anar ido da ya daina jin zafi bayan soda, domin ta karanta shi a littafin da ta kwafo kwalin bangon daga ciki. Ta faɗa wa mijinta.

"Ke dai ba kya son a ce maganina ya yi aiki," ya ce.

A ranar ne aka yanka sabulun, ya fito sumul. Yaya Babba ya shigo ɗakinta da sanda ɗaya a hannu ya kara mata a hanci.

"Shinshina ki ji. Hannunki akwai albarka, ƙanwata. Amma ke ma da leƙe-leƙe, wa ya ce ki kai fuska bakin bokiti?"

Ranar Lahadi ta roƙi matar Yaya Babba ta raka ta asibiti a ɓoye. Matar ta yi kuka sosai, ta ce ita ma 'ya'ya gare ta a gidan nan, sannan ta kawo mata shayi.

Ranar Litinin ta sa baƙin tabarau na rana ta tafi makaranta, domin ranar Alhamis mai zuwa ɗalibai casa'in da shida za su yi jarrabawar gwaji, kuma ruwan da za su yi aiki da shi ita ke haɗawa. Ta kuma yi lissafin cewa daga makaranta babu wanda zai tare mata hanyar asibiti. Amma ta ce bari ta fara gama sodar yaran tukuna. Wannan shi ne sakacin da za a iya kama ta da shi da gaskiya, kuma babu shi a fayil.

Ta san ɗakin kamar tafin hannunta. Ta ɗauko kwalba, ta ɗauko buret, ta ɗaure shi a sandarsa ba tare da ta duba ba. Da ta cire tabarau ta durƙusa gaban tulun mai dogon wuya, sai ta nemi zoben ta rasa. Idon dama bai kawo komai ba sai farin hazo. Na hagu ya kawo tulun, amma kamar ta bayan gilashin banɗaki, yana ta zubar da hawaye. Ta shafa wuyan tulun da farce har ta ji kaushin zanen, ta riƙe wurin, ta cika ruwa zuwa inda take zato. A shekara goma sha tara, wannan ne karo na farko da ta yi zato.

Ta zuba asid a kwalba, ta ɗiga ruwan alama, ta sa farar takarda a ƙasa, ta buɗe famfon buret. Tana jin ɗigon yana sauka. Tana juya kwalbar tana jira. Ta ce a ranta bai kai ba tukuna. Ta ƙara. Ta kai fuskarta kusa har gilashin ya taɓa hancinta, ba ta ga komai ba sai fari. Ta ƙara.

Malamin kemistiri, wani dattijo mai yawan barkwanci da suka yi shekara goma sha biyu suna aiki tare, ya shigo da takardu a hammata.

"Anti Ɗigo, an warke? Yau kuma rini muke..." Sai ya tsaya. Ruwan kwalbar ya yi ja jawur, irin wanda idan ɗalibi ya kawo mata takan ce ya je ya rina riga da shi. Buret ɗin ya kusa ƙarewa. "Anti, me kike jira?"

"Launin," ta ce. "Bai fito ba."

Ya rufe famfon da kansa. Ya ce ta ɗago ta dube shi. Da ta ɗago, takardun suka zube ƙasa.

A asibitin da ya kai ta, likitar ido ta sa aka yi ta wanke idanun da ruwa leda bayan leda, kwana huɗu a makare. Tana dubawa da fitila tana tambaya.

"Minti nawa kika wanke da ruwa?"

"Kofi ɗaya."

"Sannan?"

"Lemun tsami."

Likitar ta ajiye fitilar. "Baiwar Allah, aka ce a ɗakin gwaji kike aiki." Likitar ta ce soda ba kamar asid ba ce, ba ta tsayawa a sama, ci take yi tana shiga ciki muddin ba a kore ta da ruwa ba, lemun kuma ƙuna ya ƙara a kan ƙuna. Da an samu bokiti biyu a minti goman farko, da wata maganar ake yi yanzu. Ta fita ɗauko takardar da ake cikewa, ta ce za ta dawo ta ji inda abin ya faru.

Kafin ta dawo, gidan ya iso. Suka kewaye gadon. Ba ta ganinsu, amma ta san kowa da warinsa, kuma Yaya Babba turaren sabulu yake yi.

Mijinta ya sunkuyo ya rage murya. "Idan an tambaye ki, a makaranta ne. Ranar Alhamis bayan an tashi, ke kaɗai. Can ai soda ba laifi ba ce, aikinku ce."

"Ba a makaranta ba ne."

"Na sani. Amma idon ya riga ya tafi, ko an faɗi gaskiya ba zai dawo ba. Yaya kuwa kama shi za a yi. Kina so a ce ke kika ɗaure wan mijinki?"

"Ƙaddara ce, 'yar nan," in ji Inna. "Da a makarantar aka rubuta miki, da a can za ta same ki. To mene ne bambancin? Ni dai jinina ya hau tun jiya, idan na faɗi ku kuka sani."

"Ni ban ce ba ni da laifi ba," in ji Yaya Babba. "Amma kowa ya san ita ce masaniya. Da ta ce mini tafasa take yi, da ban zuba ba."

"Na faɗa, Yaya."

"To ban ji ba. Muryarki ƙasa-ƙasa take."

Ta juya fuskarta inda take jin numfashin mijinta. "Na ce maka ruwa kawai."

"Ke kika ce asid ke kashe soda," ya ce, kuma a muryarsa akwai ɓacin rai na gaske, na mutumin da aka koya wa abu ba daidai ba. "Ko ba ki ce ba?"

"Na ce. A kwalba."

"To da sai ki ce a kwalba."

Da likitar ta dawo, mijin ne ya amsa tambayar. Likitar ta sake tambaya, ta kira ta da "baiwar Allah" don a san da wa take. Ita kuwa ta tuna 'ya'yanta biyu da ɗakin da suke kwana, wanda yake cikin gidan Inna, ta tuna kuma cewa daga yau sai an riƙe mata hannu za ta tsallaka titi, kuma hannuwan da ke akwai su ne waɗannan da ke kewaye da gadon. Ta ce, "Haka ne."

Takardar asibiti ta tafi makaranta, makaranta ta kafa kwamiti. Malamin kemistiri ya ce shi ya kulle ɗakin gwajin ranar Alhamis ɗin, kuma lafiya lau ta fita. Shugabar makarantar ta tambaye shi ko ya fi mai idon sanin inda idonta ya lalace. Ya koma ya zauna. Aka kawo wa Anti Ɗigo rahoton har gida, mijinta ya ɗora mata alƙalami a kan layi, ta sa hannu a takardar da ba ta iya karantawa. Wata sabuwar ma'aikaciya ta karɓi ɗakin gwajin. A makon farko shugabar ta tara ɗalibai ta ba su labarin Anti Ɗigo a matsayin misalin abin da ke samun wanda ya raina ƙa'ida, tana nuna musu kwalin bango da sanda.

Yanzu da la'asar akan ajiye mata kujera a ƙofar ɗakin ajiya. Matar Yaya Babba ce ke narkar da sodar, ita kuma tana faɗa mata awo da baki, domin har yanzu ita ce masaniya. Sharaɗi ɗaya ta kafa, cewa a ajiye bokiti biyu na ruwa kusa da ƙafarta kafin a buɗe buhu. Yaya Babba ya amince, ya ce tun da abin nan ya faru ta zama mai tsoro. Takan sa hannu ta taɓa ruwan ta tabbatar. Sau biyu ta tarar Inna ta ɗebe ɗaya ta yi wanki.

Abin da lamarin ya ci, idan aka jera shi yadda ake jerawa a ƙarshen rahoto, shi ne: idon dama, gaba ɗaya, idon hagu, kashi biyu cikin uku, shekara goma sha tara na aiki, da sunan da aka yi a cikinsu, lemun tsami uku, ruwa, kofi ɗaya. Duron bai yi asara ba, ya ba da sabulu sanda ɗari da arba'in, an kai wa mai shago ranar Asabar kamar yadda aka yi alkawari. Tabarau ɗin yana nan lafiya, a rataye a hannun babur.